Ba Bindigar Roba Ce Ta Tare Jirgin Abuja Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in tofa albarkacin bakina a kan maganar da ta sake tasowa bayan Ƙaramar Sallah, wato kiran da wasu ke yi ga 'yan majalisa su kafa dokar da za ta haramta bindigar wasan yara ɗungurungum: shigo da ita, sayar da ita, har da riƙe ta a hannu. Na ji maganar a wani shirin rediyo na kiran waya, na ji ta a majalisar da muke zama bayan La'asar, wani ɗan'uwa kuma ya turo min ita ta WhatsApp haɗe da hoton wasu yara sun ɗaure fuska da ƙyalle, kowa da baƙar bindigar roba a kafaɗa.

Bari in fara tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Kayan wasan yara nake sayarwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, sama da shekara 20 ke nan. Motoci, 'yar tsana, balan-balan, usur, tabarau, agogon nan da hannunsa ba ya motsi, da bindigogi. Duk wanda ya ce tuwona nake karewa bai yi ƙarya ba. Sai dai wanda ya shekara 20 yana miƙa wa yara abin nan da hannunsa ya san wasu abubuwa game da shi da mai kiran waya a rediyo bai sani ba.

Na farko dai, abin da ake kira bindigar wasa kala-kala ne. Akwai ta ruwa, ja ko kore, wadda iyakar ɓarnarta ta jiƙa wa yaya kwalliyar Sallah a sha kuka. Akwai mai batir da ke ƙara tana walƙiya, ita kuwa kunnen iyaye kawai take cuta. Akwai mai harba kibiyar roba ta manne a bango. Sannan akwai baƙar nan mai harba ƙananan ƙwayoyin roba masu tauri, wadda yara ke ce wa mai harsashi. Wannan ta ƙarshe ita ce matsalar, kuma ni na san haka tun kafin masu rediyo su sani.

Wata Sallah, shekarun baya, ɗan maƙwabcina da muke katanga ɗaya a Tudun Wada ya fita yawon Sallah da sa'o'insa, aka harbe shi da irin wannan a ido. Ni na ɗauke shi a babur ɗina zuwa asibiti, ubansa na baya yana riƙe da shi, yaron ya toshe idon da hular Sallarsa. Allah Ya taƙaita, idon bai tsiyaye ba, amma har yau da ya zama saurayi ba ya gani da shi sosai. Ba a wurina aka sayi wadda ta harbe shi ba, aƙalla haka nake gaya wa kaina, don kaya iri ɗaya ne a kasuwa, ba wanda ke sa wa nasa hannu. Kwali biyu suka rage min a lokacin. Na ce wa dilan da ke kawo min daga Legas ya zo ya kwashi kayansa, na yafe ribar. Tun daga ranar ban ƙara ajiye mai harsashi a rumfata ba. Yaro ya zo nema, in ce masa babu, in nuna masa ta ruwa. Wani ya saya, wani ya yi tsaki ya wuce gaba.

Saboda haka idan majalisa ta ce za ta hana mai harsashi, ni zan fara ɗaga hannu. Ko ƙasar Afganistan a 2015, abin da ya sa ta hana bindigogin wasa ke nan: yara fiye da 100 suka samu raunin ido a kwanakin Sallah. Amma masu kiran na yanzu ba ido suke magana a kai ba. Cewa suke bindigar wasa ke koya wa yara ta'addanci, ita ke shuka musu son kisa, don haka a haɗa da ta ruwa da ta batir a share duka.

Edita, ni a ƙauye na tashi, a ƙasar Zazzau. Ba mu taɓa ganin kayan Sin ba, amma kowane ɗayanmu da bindigarsa. Da kaka in an yi girbi, karan dawa muke ferewa mu haɗa da tsinke, har da abin ɗana kunama. Waɗanda suka fi mu wayo su samo wayar ƙafar keke su cusa mata kan ashana, a buga da dutse ta ce tau, tsofaffi su biyo mu da zagi. In azumi ya kai goma muka fita tashe, wanda ya fito a maharbi dole ya saɓa bindigar kara, in ba haka ba wa zai gane shi? Ranar hawan Sallah kuwa, a Zariya, mu ne a gaba-gaba wajen kallon 'yan bindigar Sarki suna ɗura albarushi suna saki, hayaƙi ya turnuƙe, mu koma gida mu kwana muna kwaikwayonsu. A cikin waɗanda muka yi wannan wasa tare akwai limami yanzu, akwai malamin firamare, akwai direban tirela, akwai wanda ya yi soja har ya yi ritaya. Ban san ko ɗaya da ya shiga daji ba. To idan aka hana ta roba, karan dawa fa? Za a kafa masa tasa dokar?

Mu mutanen Kaduna ba ma bukatar a ba mu labarin bindiga. A watan Maris na 2021 aka shiga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, nan bayan filin jirgi, aka kwashe ɗalibai 39. A watan Agustan shekarar aka shiga har cikin makarantar horon hafsoshin soja ta NDA aka kashe hafsoshi 2, aka tafi da ɗaya. Ranar 28 ga Maris 2022 aka dasa wa jirgin ƙasan Abuja bam aka buɗe masa wuta, na ƙarshen waɗanda aka kama ba su ga gida ba sai a watan Oktoba. Ranar 7 ga Maris 2024 aka kora 'yan makarantar Kuriga daji kamar garken awaki. Ka tambayi mutumin Birnin Gwari ko Giwa ko Kajuru irin bindigar da ta raba shi da gonarsa. AK-47 ce, ta ƙarfe, wadda kuɗin guda ɗaya ya fi duk kayan rumfata. Kowa ya san makamai sun malalo yankin Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, kowa kuma ya san ana ƙera wasu a cikin gida a ɓoye. Yaran da ke riƙe da su a daji, yawancinsu ba su taɓa taka kasuwar birni an saya musu abin wasa ba. Ba su samu makaranta ba, ba su samu asibiti ba, wanda ya fara miƙa musu wani abu a hannu ta gaske ya miƙa musu. A bar wannan a zo ana bin ɗan shekara 6 da bindigar ruwa, ai an bar jaki ana dukan taiki.

Akwai hujja ɗaya da masu kiran ke kawowa wadda ba zan raina ba: ɓata-gari na amfani da bindigar roba su yi wa mutane ƙwacen waya da dare. Gaskiya ne, yana faruwa. Wanda aka nuna wa baƙin abu a duhu ba shi da lokacin tambayar ko na roba ne. Amma doka ba ta bar wannan a buɗe ba. Dokar fashi da makami ta 1984, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Janar Buhari kuma har yau tana aiki, ta ce wanda ya yi fashi ko da hannunsa babu komai, ɗaurin da ba zai gaza shekara 21 ba ne, in da makami kuwa hukuncin kisa. Ga dokar mallakar bindigogi tun ta 1959. A 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe cibiya sukutum don yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai. Masu ƙwacen wayar da muka sani a unguwanninmu ma, wuƙa da adda da gariyo suka fi ɗauka, kuma ban ji wanda ya ce a rufe maƙera ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda doka irin wannan ke ƙarewa a ƙasar nan. A jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su kwata-kwata akwai ƙaramar bindiga mai harbi da iska, akwai bindigar da aka ɓad da kamarta, kuma a jerin nan dai akwai gwanjo. E, gwanjo. Edita, ka taɓa zagawa Kasuwar Barci? Haramcin bai hana dila ko ɗaya sauka ba, abin da ya yi kawai shi ne ya ƙara wa kayan tsada, don duk shingen da mota ta wuce sai an ajiye na goro. Haka duk Disamba ake shelar an hana nakawut, abin wasan nan mai fashewa, kuma duk daren sabuwar shekara Kaduna ba ta barci don ƙararsa. Ni kaina an taɓa tsare ni a wani shinge a hanyar dawowa daga sari, wani mai kaki ya buɗe kwalina ya ɗaga bindigar ruwa koriya shar, ya ce makamai nake safara. Yana faɗa yana dariya, ni ma ina dariya, amma motar ba ta tashi ba sai da na saki wani abu, fasinjoji na ta yi min tsiya. A lokacin babu dokar da ta ba shi hujja. Ka yi tunanin ranar da aka ba shi ita a rubuce.

Kuma wa za a kama? Babban ɗan kasuwar da kwantenarsa ta taso daga Sin ta sauka a Apapa yana da lauya, yana da lambar wayar manya. Wanda zai kwana a bayan kanta shi ne yaron da ya kasa kayan naira dubu kaɗan a faranti a bakin filin Idi, da bazawarar da ke sarin dozin biyu a wurina ta sayar a zaure ta samu na cefane. Sai kuma uban da za a tare a kan babur don ɗansa na riƙe da tsarabar Sallah. Ban ma zo kan masu shirya fim da 'yan wasan kwaikwayo na makarantu ba, waɗanda ke zuwa wurinmu neman ta roba daidai don kada su taɓa ta gaske. In an hana su, da me za su fito a ɗan sanda, da muciya?

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan muhawara, da yawansu kama da ta gaske suka duba. A Amurka tun 1988 doka ta ce bindigar wasa sai an sa mata toshi mai launin ruwan lemo a baki. Ingila a 2006 ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da wadda ba a iya bambanta ta da ta gaske, ta bar mai launi mai haske, ta kuma ware wa masu fim da wasan dandali hanyarsu. Kuma kama da ta gaske na da haɗari ƙwarai. A watan Nuwamba na 2014, a birnin Kilibland na Amurka, ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Tamir Rice yana wasa da irin mai harsashin nan, wadda toshin bakinta ya cire. Na kan tuna yaron duk lokacin da na ga namu sun ɗaure fuska sun nufi titin da ke da shingen sojoji da magariba. A garin da jami'i ke kwana da yatsa a kan kunama, baƙar bindigar roba mai kamar AK ba abin ba yaro ba ce. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma na sha faɗa wa iyaye a bakin rumfata, wasu su ji, wasu su ce malam kawo kaya ka karɓi kuɗinka.

To a rubuta dokar a kan wannan. A hana mai harsashi, a hana baƙa mai kama da ta gaske, a tare su tun daga tashar jirgin ruwa inda kwantena ɗaya ta fi abin da 'yan tireda ɗari za su sayar a shekara. A ba 'yan kasuwa wa'adi su rabu da abin da ke hannunsu, kada a wayi gari da samame ana saura kwana uku Sallah bayan mutum ya zuba jarinsa. Ja da kore da ruwan ɗorawa, masu fesa ruwa da masu waƙa, a bar wa yara abinsu. Yaran nan namu an rufe musu makarantu saboda korona, an sake rufewa saboda masu garkuwa, filayen ƙwallon unguwa an yanka an yi shaguna. Kwana uku ne a shekara suke fita da sabon ɗinki suna guje-guje a lungu.

In har maganar ta kai zauren majalisa, ina roƙon a yi zaman jin ra'ayin jama'a, a kira likitocin ido, a kira malaman firamare, a kira masu fim, mu ma a kira mu. Zan zo da buhu guda, in zazzage a kan tebur, in ware wa 'yan majalisa wadda ta kusa tsiyayar da idon ɗan maƙwabcina da wadda jikata ke wanke min babur da ita duk safiya.

Na gode, Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai sayar da kayan wasan yara,
Tudun Wada, Kaduna.