Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Farfaɗo da Fako, Jihar Tawa

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne.

Da aka gama ɗaurin dami, hatsi ya shiga rumbu, kwamiti ya zauna ya tattara abin da aka yi bana. Aikin hotunan tauraron ɗan'adam ne ya fi cin lokacinmu, shi kuma zai fi cin wuri a nan.

Hotunan da muke aiki da su na Sentinel-2 ne, taurarin Turai da aka harba na farkonsu a 2015, na biyu a 2017. Duk kwana 5 sukan sake ɗaukar wuri ɗaya, kuma kyauta ake samunsu ta intanet. Kowane ɗigo a hoton fili ne mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Saboda haka wanda ya tambaya a taron bara ko za a ga ramukan tassarsa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa, amsa ita ce a'a, ko babban ramin nan mai siffar rabin wata ba ya fitowa. Cikin abin da na'urar ke aunawa akwai wani haske da ɗanyen ganye ke mayarwa sama, wanda ido ba ya gani. Da shi ake fitar da ma'aunin kore da masana ke kira NDVI.

Matasanmu masu kwamfuta suka jera hotunan ƙarshen damina na shekaru a jere. Duk inda ya tsaya tsirara ko a shekarar da ruwa ya wadata, muka sa masa alama. Muka buga taswirar a babbar takarda, muka shimfiɗa ta kan tabarma gaban dattawa, muka danne kusurwoyin da duwatsu don iska. Wani baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa kan wani farin tabo ya ce nan mahaifinsa ya noma dawa kafin ruwan dutse ya wanke ƙasar. Ya nuna mana ta inda ruwan ke gangarowa, abin da hoton bai nuna ba. Can muka fara jera duwatsu, can kuma aka yi gayyar haƙa tassa da rani, kowane rami da takinsa. Dabarar ba baƙuwa ba ce a Adar: tun ƙarshen shekarun 1980 manoman Illela suka gano ta a Yatenga ta Burkina Faso, aikin raya karkara na Keita kuma da aka fara a 1984 ya koya wa iyayenmu gyaran tudu. Sabon abu kawai shi ne zaɓen wurin. Hoton Satumba na bana ya nuna tabon ya yi kore, masu gonar kuma sun yanke hatsi a inda da ko akuya ba ta tsayawa.

Mun yi kuskure ɗaya, ba za mu ɓoye ba. Akwai filin da ya fito shar a hoto, muka cire shi daga jerin masu bukatar gyara ba tare da mun taka ƙafa ba. Da muka je, ashe garmani ne ya mamaye shi, ciyawar da ko dabba ba ta so. Laifin kwamiti ne. Daga yanzu ba a yanke hukunci kan fili sai mutum biyu sun je sun gani. A watan Agusta kuma gajimare ya rufe yawancin hotunan, muka dogara da abin da kuke aiko mana ta waya.

Hasashen damina da cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke fitarwa mun mayar da shi saƙon murya a WhatsApp, sai dai ƙauyukan da rezo ba ya kaiwa sun ji shi a makare. Mata masu albasa sun nemi a duba musu fadama, ba mu samu dama ba, yana kan gaba a aikin baɗi.

Abin da ke damun kwamiti shi ne, fako in ya fara ba da hatsi, masu shi kan yi yawa. Muna roƙon duk wanda aka gyara wa fili ya je kwamitin filaye, wato Kofo, a rubuta masa takarda kafin ruwan farko. Waɗanda kuɗin wata ke kansu kuma su ga ma'aji ranar kasuwa.

Magatakarda, a madadin kwamiti.