Barka da Sallah daga Oslo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Inna da Baba da duk mutanen gida. Barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Mu nan lafiya lau, ni da Baban yara da yaran, sai kewa da ta tashe ni tun kafin kiran asuba. Kiran da na yi ɗazu bai gamsar da ni ba, waya sai yawo take daga hannu zuwa hannu, na fi ganin silin ɗakin Inna a kan fuskarta. Shi ya sa na zauna rubutu, Auta ta karanta muku da daddare in gida ya lafa.

Mun yi idi a masallacin unguwar Grønland, a cikin gini, rukuni bayan rukuni saboda wuri ba ya ɗaukar kowa lokaci guda. Shaddar Baban yara tana can ƙarƙashin ƙatuwar rigar sanyi, ba wanda ya ga aikin wuyan da aka sha wahala a kai. Muna fitowa sai ga gari yana harkarsa, motocin haya cike da masu tafiya aiki, ba wanda ya san yau wata rana ce. Dokar ƙasar nan, Norway, ta ba irinmu kwana 2 a shekara don bukukuwan addini, amma sai ka sanar da wurin aiki kwana 14 kafin ranar, mu da muka tashi muna jiran a ce an ga wata.

Inna, na yi tuwon shinkafa da miyan taushe, amma kada ki tambaye ni yadda ta fito. Tuwon dai ba laifi, akwai wata gajeriyar shinkafa da suke kunu da ita, tana tuƙuwa sumul. Miyar ce abin tausayi. Kabewarsu ba ta da garɗin tamu, tana narkewa ta bar ruwa tsululu. Yakuwa babu ko ta magani, sai alayyafo na zuba na matsa lemun tsami don in yaudari harshena. Daddawar da Goggo ta ƙullo min ta ƙare tun tsakiyar azumi, har ledar na kaɗe a tukunya. Gyaɗar kuma ta kwalba ce, wadda suke shafa wa burodi. Yara sun cinye har da neman ƙari, su da ba su san ta gaske ba, ni kuwa ina kai loma ta farko hawaye ya zo. Na tuna yadda kike tashi tun duhu ki ɗora kasusuwa, yadda ƙamshin ke riga ki shiga ɗakin Baba, da jerin kwanuka a tsakar gida, kowanne da gidan da za a kai shi, a dawo da shi da abincin wani gidan a ciki. Na zuba a kwano na kai wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu. Ta yi godiya sosai, bayan awa ɗaya ta dawo da kwanon a wanke tas, ba komai a ciki. Ban ga laifinta ba, ba ta sani ba ne.

Baba, kun tambaya ko har yanzu ina wannan zamiyar a kan ƙanƙara, na kuma ji Kawu a bayanku yana dariya wai 'yar malamai ta zama 'yar tsere. Layi ya yanke kafin in amsa. Ina yi, amma saura ƙiris bana in jingine katakon gaba ɗaya.

Ba irin wadda kuke gani a talabijin ba ce, ta masu gangarowa daga kan dutse. Tamu tafiya ce a cikin daji. Katako biyu sirara dogaye a ƙafa, sanda biyu a hannu, wata mota ta bi ta danne dusar ƙanƙarar ta tsaga gurbi biyu, kai kuma ka sa ƙafa a ciki kana turawa kana sulalewa. Dajin da ke arewa da gari sunansa Nordmarka, jirgin ƙasan cikin gari yana kai ka har bakinsa, lamba 5 zuwa Sognsvann, lamba 1 zuwa Frognerseteren. Ranar Lahadi jirgin cike yake da katako da sanduna, tsofaffi tukuf da yaran da ko magana ba su gama koya ba. Shiga dajin ba a biyan ko sisi, tun 1957 doka ta rubuta wa kowa 'yancin shiga daji, kuma hanyoyin da ake gyarawa a dazukan da ke kewaye da Oslo sun haura kilomita 2,000. Ku daina ganin abin a matsayin wasan yara. A watan Disamba hasken rana a nan wajen awa 6 ne kawai, ka tafi aiki da duhu ka dawo da duhu. Wanda ba shi da abin da zai fitar da shi waje, ɗaki ne zai cinye shi da tunani, ni kuma kun san inda tunanina yake zuwa.

Da farko har mafarkin abin nake yi. To yau da gobe, sai ya zama hanya ɗaya kullum, zagaye ɗaya, na san kowace kwana da kowane itace. Ga wata manhaja a waya mai ƙirga maka nisa da sauri, ranar Litinin a wurin aiki ba a tambayar ko ka ji daɗi, sai kilomita nawa ka yi. Yaran da nake riƙe wa hannu a da, yanzu su ke tsayawa a saman tudu suna jirana da fuskar haƙuri. Sannan ga kaki. Kafin ka fita sai ka shafa wa tsakiyar katakon wani kaki don ya kama dusar in za ka hau tudu, kowane yanayi da launinsa: kore in sanyi ya tsananta, shuɗi in ya ɗan sassauta, ja in dusar ta fara narkewa. In ka shafa wanda bai dace ba, ko dai ka yi ta zamewa baya, ko dusar ta dunƙule a ƙarƙashin ƙafarka ka koma ɗingishi. Akwai kuma na cikin bututu da ake shafawa in dusar ta jiƙe ko ta daskare, wanda ya fi ƙaro danƙo. Ya taɓa min hijabi, ya taɓa kujerar mota, ya taɓa gashin ƙaramar har sai da aka sa almakashi. Wata Asabar na tsaya a ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa na ji ko kaɗan ba na son fita, na cire na koma na kwanta. Makonni suka wuce katako na jingine a bayan ƙofa yana kallona.

Abin mamaki, azumi ne ya dawo da ni. Da rana ba ƙarfin zuwa ko'ina, amma bana ana shan ruwa da wuri, wajen ƙarfe 6. Akwai hanyoyi a bakin dajin da aka jera wa fitilu, suna kunne har dare ya yi nisa. Wata rana bayan buɗa-baki Baban yara ya ce mu je ko na rabin awa ne abinci ya faɗa. Hanyar da na gaji da ita ce dai, amma da daddare ban gane ta ba. Dusar ta daskare tana ƙara a ƙarƙashin katako, numfashi na tashi fari a gaban fitila, in ka wuce fitila ɗaya inuwarka ta zagayo ta wuce ka. Ban ɗauki waya ba don na bar ta a caji, ba wanda ya ƙirga min komai. Tun daga ranar na daina kunna manhajar, in an tambaye ni kilomita nawa sai in ce har inda na ga dama.

Matsalar kakin ma na raba gari da ita. Yanzu ana yin katako mai ɗan ƙyalle manne a tsakiyar ƙasansa, shi ke kama dusar ba sai an shafa komai ba. Baba, ƙyallen nan da gashin akuya ake haɗa shi, wata akuya mai dogon gashi da ake kira Angora. Ku faɗa wa Kawu akuya ce ke hawa da ni tudu a Turai. Masu gasa suna ɗan raina shi wai ba ya kai na kaki gudu, ni kuwa ba wanda nake tsere da shi. Na ɗauka na fita, shi ke nan.

Amma abin da ya fi komai farfaɗo min da sha'awa wata baiwar Allah ce 'yar Nijar da ta zo bara, muka haɗu a masallaci. Tana zaune a ɗaki tun da sanyi ya shigo, har ta fara ramewa. Na ja ta zuwa BUA, wurin da ake ba da aron kayan wasanni kyauta, aka auna mata katako da takalmi. Inna, da kin ga faɗuwar farko. Ta zauna daɓas, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma, sanda ta shige ƙarƙashinta, tana salati tana cewa in kira mata mijinta. Na nuna mata yadda ake yi: ki kwanta ta gefe, ki tattaro katakon su daidaita a gicciyen gangara, ki durƙusa a kan gwiwa, sannan ki miƙe. Ta miƙe, ta yi taku uku, ta sake zubewa, ni ma dariya ta kayar da ni a gefenta. Wajen hawa tudu na ce ta buɗe kawunan katakon waje tana takawa ɗaya bayan ɗaya, wajen sauka ta haɗa kawunan ciki ta tura dugadugai waje. Ina koya mata ina jin abubuwan da ƙafata ta daɗe tana yi ba tare da na lura ba. Ranar da ta sauko ɗan tudun nan ba ta faɗi ba, guɗa ta rangaɗa a tsakiyar daji har wani dattijo mai kare ya tsaya yana tafa mata. Yanzu ita ke buga min waya ta ce Hajiya yau ba za mu ba?

Mun kuma daina zagaye mara dalili. In za mu fita sai mun sa wurin da za mu. Daga Sognsvann akwai wani gida a cikin daji, Ullevålseter, kimanin kilomita 5, ana sayar da koko mai zafi da burodi mai daɗi. Tafiyar hawa ce, dawowar kuwa kusan duk gangara. Yaran da ke ƙorafin gajiya a zagayen kilomita 2 ba sa cewa uffan in sun san akwai koko a gaba.

Shi Baban yara nasa maganin daban. Ya koma koyon wani salo da ba a bin gurbi, ana tura ƙafa gefe da gefe, ya sake zama ɗan koyo yana faɗuwa gaban 'ya'yansa, kuma daɗin abin yake ji. Yanzu ma wai burinsa wata gasa mai suna Birkebeiner, kilomita 54 daga Rena zuwa Lillehammer ta kan duwatsu, kowa goye da jaka mai nauyin kilo 3.5. Nauyin na tunawa ne da wani jaririn ɗan sarki, Håkon, da mayaƙa suka tsere da shi a kan katako a shekarar 1206 don kada abokan gaba su kashe shi. Na ce masa Allah ya ba da sa'a, ni na yi goyo na gaske, ba na bukatar na jaka. A ganina irin wannan ƙirge-ƙirgen ne ya kusa raba ni da abin, amma shi in ba a sa masa ranar gasa a gaba ba ba ya tashi daga kujera. Babban yaron kuma tun da ya ji labarin Samuel Ikpefan, wanda ya wakilci Najeriya a irin wannan tseren a gasar Olamfik ta hunturu a Beijing a 2022, ya ce shi ne na gaba. A sa shi a addu'a, amma a fara da ta karatu.

In an jima bayan azahar za mu fita da ita 'yar Nijar ɗin da iyalinta. Daga 15 ga Afrilu ake hana hura wuta a daji, yanzu da saura, za mu hura mu gasa nama mu dafa shayi. Sauran miyar ma na zuba a fulas, ko sanyi zai rufa mata asiri.

A gaida Goggo, a gaida Goggo, a sake gaida Goggo. A ce mata na ga hoton lallenta, har yanzu ba yarinyar da ta kai ta iya zaɓen zane. A ce mata turaren wutar da ta ba ni sai ranar Juma'a nake sa ɗan ƙanƙani, yau kuwa na zuba da yawa har na'urar hayaƙin gidan ta yi ƙara. Ciwon gwiwar nan kada ta yi wasa da shi, Yaya ya kai ta asibiti bayan Sallah ko tana so ko ba ta so. A gaida Kawu da iyalinsa. A gaida Baffa. Ina gaida Yaya Babba da matansa biyu, gaisuwa daidai wa daida kada a ce na yi son kai. Amaryarmu, ina jiran labari mai daɗi, na ga yadda kike kauce wa kyamara. A gaida Malam na makarantar allo, a roƙa mana addu'a, yaran suna biya karatu ta waya amma ba kamar a gabansa ba. Maƙwabta na dama da na hagu duk ina gaishe su, da mai kitsona in har yanzu tana zuwa.

Auta, ke kuma na ga kin sa atamfata mai ruwan goro da na bari a akwatin Inna. Ta yi miki kyau, na yafe, amma mayafin ki mayar inda kika ɗauko shi. Goron Sallar yara na tura wa Yaya tun shekaranjiya, Inna ce za ta raba da hannunta, kada a bar shi ya yi rabon don na san yaransa za su fi samu.

Baba, Inna, a ci gaba da sa mana albarka. Baban yara yana durƙusawa yana gaishe ku, zai kira gobe da safe kafin gida ya cika.

Wassalam,
'Yarku ta Oslo