Zariya Ta Cancanci Tseren Gudu Nata Na Shekara-Shekara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in kai kuka ga masu riƙe da harkar wasanni a Zazzau.

A birnin Sao Paulo na ƙasar Brazil akwai tseren gudu da ake yi ranar 31 ga Disamba tun 1925. Wani ɗan jarida, Casper Libero, shi ya ƙirƙiro shi. Yau kilomita 15 ake yi, mata ma sun shigo tun 1975, kuma Paul Tergat na Kenya ya lashe shi sau biyar. Legas ma ta fara nata a 2016.

Mu fa? Ni tsohon malamin wasanni ne, na san akwai yaran da ba su gajiya. Ku je hanyar Samaru bayan asuba ku ga samari suna gudu a gefen kwalta, tirela na wuce su kamar ta taɓa su. Ba mai kula su.

A tsayar da rana lokacin hunturu, kafin rana ta yi zafi. A tashi daga ƙofar jami'a a Samaru, a biyo Kwangila da Tudun Wada, a ƙare a Ƙofar Doka. Amma a rufe hanya tukuna, kuma a fara shawara da masu Keke Napep, don su ne za su fi jin jiki.

Naku,
Tsohon malamin wasanni,
Tudun Wada, Zariya