Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Ɗalibai Masu Koyon Rini da Adon Yadi

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi, da malamanmu iyayen ƙungiya. Ga bayanin yadda kwamitin gudanarwa ya tafiyar da amanar da kuka ɗora masa a shekarar karatu da ta ƙare.

Tun a taron farko muka yi ittifaƙi cewa bana gwaji za mu sa a gaba, kuma duk abin da aka gwada sai an rubuta shi. Dalili kuwa sananne ne: kowace shekara 'yan ajin ƙarshe kan kashe kuɗin yadi da sinadari su gano abubuwa masu amfani, su kammala su tafi da saninsu, na baya su sake farawa daga tushe. Saboda haka muka buɗe kundin gwaji. Kowane shafi na ɗauke da ƙyalle biyu, ɗaya kafin wanki ɗaya bayan wanki da shanya a rana, tare da sunan yadin da abin da aka rina shi da shi. A ganin kwamiti, wannan kundi shi ne babban aikin da ƙungiya ta yi bana.

Abin da kundin ya fara koya mana shi ne a san yadi kafin a tsoma shi. Cikin yadukan da muka sayo a Kantin Kwari, akwai waɗanda ido ke ɗauka auduga ce zalla amma suka ƙi shan rini. Yanzu kowane mamba ya iya gwajin wuta: a zare zare kaɗan a kunna masa ashana. Auduga takan ci da wuta, ta yi warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Mai roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Alawayyo da farar shadda ta auduga su suka fi ba mu sakamako, muddin an wanke su da ruwan zafi sitacin kamfani ya fita.

Ziyararmu marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ta sauya wa da yawanmu tunani. Mun ga yadda ake haɗa baba, wato tsiron da ke ba da shuɗin rini, da toka da kanwa a rijiya a bar su su ruɓa, mun kuma ga yadi ya fito daga ruwa kore-kore, yana shan iska yana rikiɗewa shuɗi a hannun marini. Duhun launi daga yawan tsomawa da fitarwa yake zuwa, shi ya sa mai gaggawa ba ya samun baƙin shuɗi. Daga nan muka leƙa wajen masu bugu, inda ake dukan yadi a kan gungume har ya ɗauki sheƙi irin na turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa. Muna roƙon kwamiti mai zuwa kada ya bar wannan zumunci ya yanke. Dattawan nan sun karɓe mu kamar 'ya'yansu.

A ɓangaren rinin itatuwa, sakamakon ya bambanta. Zoɓo ya burge kowa a ranar farko, wanki ɗaya ya mayar da shi toka-toka. Kurkum ya ba da rawaya mai kyau amma rana ta cinye shi. Ɓawon albasa ya zauna idan an fara jiƙa yadin da alif. Wanda ya fi faranta mana rai shi ne bagaruwa: da aka haɗa ruwanta da ruwan tsatsar ƙarfe, ta ba da baƙi-baƙi mai kama jiki, ga ta kuma da araha a kowace kasuwa.

Mun gwada ɗauri da zare, da ɗinki kafin rini, da zane da kunun rogo irin na adiren Abeokuta, da batik na kaki wanda aka fi sanin tsibirin Java na Indonesiya da shi. Kakin kyandir shi kaɗai tsattsagewa yake yi rini ya kutsa, sai an sirka shi da kakin zuma.

Akwai inda ba mu ji daɗi ba. Har yanzu wasu na kama soda da hannu babu safa, wasu kuma na zubar da ragowar ruwan rini a kwata. Daga yanzu duk wanda bai zo da safar hannu da takunkumi ba, ba zai taɓa sinadari ba.

Baje kolin ƙarshen shekara ya gudana lafiya, an kuma sayar da gyale da zannuwan gado. Kuɗin shiga daga gudummawar mambobi da wannan ciniki ya tafi ne wajen sayen yadi, sinadarai da kuɗin mota. Ma'aji zai karanta dalla-dalla a babban taro. Masu bashin gudummawa su daure su biya kafin ranar.

Shawarar da muka bar wa sabon kwamiti ita ce a shuka baba a bayan ɗakin aiki da faɗuwar damina, a kuma fara gwaji a kan saƙin hannu. Kundin gwaji yana hannun sakatariya, za a miƙa shi ranar zaɓe.

Wassalam.
Sakatariya, a madadin kwamitin gudanarwa.