Wasiƙa daga Jidda zuwa Gadarif, kan maganar laftof ɗinka

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya ƙarfin jikin Hajiya? Ya kuma haƙuri da halin da ake ciki, Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina ya zaunar da Sudan lafiya. Mu nan Jidda sai godiya, zafi ne dai da gumi yadda ka sani.

Na saurari saƙon muryar da ka turo, wai laftof ɗinka ta ƙi karɓar Windows 11 har wani mai gyara ya ce ka rabu da ita ka nemi wata. Da wane kuɗin, a wannan marra? Gaskiya ne Microsoft sun rufe tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma 11 sai injin da ke da TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro a cikin kwamfuta, da furosesa ta baya-bayan nan yake yarda ya hau, amma lafiyar injinka ƙalau. Irinta nawa ake kwaso mana daga kasuwar Haraj Sawarikh ta nan Jidda duk ƙura, mu ɗora musu Linux a madadin Windows su tashi garau a ci gaba da aiki.

Kuma kar ka ɗauka irin Windows ɗin sata ne da ake fasawa a kasuwa, wannan halak malak ne, masu shi ne suka ce kowa ya ɗauka ya raba. Wani ɗalibi ne a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991 ya bar lambobinsa a buɗe kowa ya duba ya gyara, Android ɗin da ke aljihunka ma a kansa aka gina ta. Kala-kala ne ba iyaka, akwai Debian tun 1993, daga jikinsa aka fitar da Ubuntu a 2004, daga Ubuntu kuma aka fitar da Linux Mint. Kai dai ka ɗauki Mint, samfurin Xfce, ba ya cin RAM kuma fuskarsa ta yi kama da abin da ka saba. Fayil ɗinsa wajen giga 3 ne, na Ubuntu 24.04 kuwa ya kusa 6, ka ga da datar da kuke saya ai ba sai an yi dogon tunani ba. Mint 22 kuma za su ci gaba da tura masa gyara har 2029.

Fayil guda ɗaya za ka sauke, sunansa na ƙarewa da iso, kuma don Allah daga shafin Linux Mint na ainihi, ba wanda wani ya tura a guruf ɗin WhatsApp ko Telegram ba. Tunda netwok ɗinku yana zuwa yana ɗaukewa ka bi ta torrent, wato hanyar sauke fayil yanki-yanki da manhajarta ta musamman, suna ajiye mahaɗinsa a shafin, in ya yanke sai ya ɗora daga inda ya tsaya kuma yana duba kowane yanki da kansa. In kuwa ta burawuza ka sauke to nan ne wajen da nake so ka nutsu, don yawancin waɗanda ke zuwa mana suna cewa Linux ba kyau wallahi fayil ɗinsu ne ya zo a gurgunce ba su sani ba, girmansa ya yi kamar ya cika, ya hau filash lafiya, sai an kai tsakiyar aiki an riga an share Windows sannan ya tsaya cak. A shafin akwai ɗan fayil mai suna sha256sum.txt, cikinsa kowane iso yana da nasa dogon layi na haruffa da lambobi guda 64 a gefen sunansa. Ka buɗe cmd, baƙar tagar nan ta Windows da ake rubuta umarni, a foldar da iso ɗin yake, ka rubuta certutil -hashfile sai sunan fayil ɗin sai SHA256, ka jira kaɗan zai fito maka da nasa layin. Ka gwada su. In harafi ɗaya ya saɓa kar ka ce ai ɗaya ne kawai, goge shi ka sake saukewa, khalas.

Sai filash, mai giga 4 zai ɗauka amma mai 8 ya fi kwanciyar hankali. Ba kwafi za ka yi ka jefa fayil ɗin ciki ba, haka ba zai tashi ba, sai ka sa wata manhaja mai suna Rufus ta rubuta shi, kuma duk abin da ke kan filash ɗin zai tafi. Kafin nan ka kwashe takardunka da hotunan yara da darussan ɗalibanka ka kai wani wajen daban, ba wani ɓangare na cikin laftof ɗin ba.

Ka kashe ta, ka soka filash, kana kunnawa ka dinga danna F12 in Dell ce ko Lenovo, in HP ce F9, ka zaɓi filash ɗin. Abin da ya fi burge ni shi ne Mint zai buɗe gaba ɗayansa daga kan filash bai taɓa komai naka ba, sai ka zagaya ciki kamar mai duba gidan haya kafin ya biya, ka gwada wayifai, ka kunna karatu ka ji ko sauti na fita, ka duba kyamara. In wayifai ya ƙi, galibi masu katin Broadcom ne ke wannan halin, sai ka haɗa wayarka da kebul ka ba laftof ɗin intanet, bayan ka gama ɗorawa ka shiga Driver Manager ya nemo maka abin da ya rage.

Wajen ɗorawar zai tambaye ka ko ya zauna gefe da Windows ko ya share faifan duka. Ni a shago sharewa nake yi, amma kai na san ba ka rabuwa da Maktaba Shamila, ita kuma wadda ke kan kwamfutarka ta Windows ce, fayilolin exe ba sa buɗewa kai tsaye a Linux. Akwai ta a intanet ta burawuza, akwai kuma Wine da ke iya tayar da wasu manhajojin, to amma da netwok irin naku gara ka bar Windows da Mint su biyun, duk sanda ka kunna ka zaɓi wanda za ka shiga. Kar ka taɓa inda aka rubuta "Erase disk" ke nan. Kuma kar ka fara sai batir ya cika fal, in ya mutu ana tsakiyar raba faifai za ka iya rasa duka biyun. Wurin lokaci ka zaɓi Khartoum. In daga baya ka ga agogon Windows ya koma baya da awa 2 ba lalacewa ba ce, Linux yana ajiye agogon injin a kan UTC ne, wato lokacin GMT, shi kuma Windows a kan lokacin gari, ana daidaitawa, dai kar ka dogara da shi wajen sallah kafin nan.

Da ka shiga za ka tarar da Firefox da LibreOffice a ciki, shi LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake wani sa'in tsarin shafi kan ɗan goce musamman mai Larabci da tebur. A saitin kibod ka ƙara Larabci, ka ƙara Hausa ta Najeriya, akwai ta a jerin, sai ka huta da rubuta k a wurin ƙ.

In saukewar ta gagara gaba ɗaya ka faɗa min, zan rubuta shi a filash in nemi amintacce cikin masu komawa ta jirgin ruwan Sawakin ya taho maka da shi. Amma ka fara ɗauko min hoton takardar da ke manne a ƙasan laftof ɗin, ka kuma duba min RAM ɗinta nawa ne, don in giga 2 ce zan haɗo maka da ƙari, nan ba tsada.

Ka gaida Hajiya da kyau ka ce ina neman addu'a, ka gaida uwargida da yara da duk mutanen majalisa.

Naka,
abokinka na Jidda