Yaranmu da harshen Welsh: martani daga Bangor

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A shirinku na makon jiya na ji wani mai sauraro yana cewa ɓata lokaci ne a tilasta wa 'ya'yan baƙi koyon harshen Welsh alhali kowa a Birtaniya yana jin Turanci. Ban yarda da shi ba, kuma abin da na gani a gidana ne hujjata.

Aiki ya kawo mu garin Bangor a gundumar Gwynedd da ke yankin Wales na Birtaniya, inda kusan kashi 64 cikin 100 na mutane ke jin Welsh, kuma akasarin makarantun firamare da shi ake koyarwa. 'Yata tana da shekara bakwai, ko kalma ɗaya ba ta sani ba. Gaskiya hankalina ya tashi. Sai makaranta ta tura ta cibiyar koyon harshe da aka tanada don sababbin zuwa, inda yaro ke yin zango guda yana waƙa, yana wasa, yana lissafi, duka cikin harshen Welsh, kafin ya koma ajinsa.

Makon farko da kuka take dawowa. Wajen mako na biyar kuwa, ina zaune ina shan shayi ta ɗauko kwalbar madara ta ce min sunanta "llefrith". Na gwada faɗa, ta girgiza kai. Ta ce Baba, ɗora harshenka bayan haƙoran sama, ka hura iska ta gefe. Haka muka yi ta yi har shayin ya huce. Yanzu ita ke gaisawa da tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, matar da a da sai dai mu ɗaga mata hannu daga nesa. Turancinta kuma bai ragu da komai ba.

Ya kamata mai sauraron ya san dalilin da mutanen nan suka dage. A ƙarni na 19 akwai makarantun da ake rataya wa yaro wani katako a wuya, ana kiransa Welsh Not, in an kama shi yana yaren iyayensa. Ranar da na ji labarin sai jikina ya yi sanyi, domin ni ma an taɓa cin tarata a firamare saboda na yi "banakula", wato Hausa. Mutanen Wales sun farga. A 1939 aka buɗe makarantar farko mai koyarwa da Welsh a garin Aberystwyth da ɗalibai bakwai kacal. Tun 1999 kowane yaro a makarantun gwamnati na Wales yana koyon harshen har ya kai shekara 16. Duk da haka ƙidayar 2021 ta nuna masu jinsa sun ragu zuwa kusan 538,000, ga shi gwamnatinsu na son su kai miliyan ɗaya a 2050. Mai irin wannan buri ba zai bar ɗan baƙo a baya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne namu. Na san gidajen Hausawa a nan da yaro ke jin Turanci da Welsh, amma in kakarsa ta bugo waya daga Katsina sai an yi masa tafinta. Ina roƙon ku shirya shiri a kan wannan, ku gayyato iyayen da ke zaune a ƙasashen waje su faɗi yadda suke yi. Mu dai mun sa doka a gida: daga sallar magariba zuwa kwanciya, Hausa kawai.

Naku mai sauraro,
daga Bangor, Wales