Kafin a sayo na'urar auna gubar ruwan Challawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi bayanin na'urar zaren gilashi mai auna guba a ruwa, saboda manoman rani na wajajen Tamburawa da ke ban ruwa daga Kogin Challawa, inda dagwalon masana'antun jima na Sharada da Challawa ke gangarowa.

Zare biyu ne, kaurin kowanne bai kai milimita ɗaya ba. Ɗaya ya kai haske daga fitila zuwa bakin da ake tsomawa, hasken ya ratsa ruwan, ya daki ƙaramin madubi, ya dawo ta ɗayan. In giɓin da ke tsakanin bakin zaren da madubin milimita 5 ne, hasken ya yi tafiyar milimita 10 ke nan a cikin ruwa. Abin da ruwan ya shanye na hasken shi ke nuna yawan sinadarin.

Wajen neman kuromiyam, wani ƙarfe da ake amfani da shi a jima, sai a zuba ɗan asid ɗin salfa, a ɗiga maganin difenilkabazayid, a jira minti biyar zuwa goma. In akwai kuromiyam, ruwan zai yi ja mai ratsin shuɗi, wanda ke shan koren haske mai tsawon zango nanomita 540. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha ita ce miligiram 0.05 a lita.

Ga inda ake faɗawa rami. Kuromiyam iri-iri ne, maganin nan kuwa irin da ake kira na shida kaɗai yake kamawa, alhali masu jima da na uku suke aiki. Sai na'ura ta nuna sifili, a ce ruwa lafiya lau, kuma ƙarfen yana nan kwance. Dole a fara tafasa samfurin da sinadarin famanganet, ya mayar da na uku na shida, sannan a auna.

Laka ma tana warwatsa haske, na'ura ta ɗauka guba ce. A tace da mataci mai ƙananan ramuka na maikiron 0.45. Ruwan jima kuwa da rininsa yake zuwa, don haka a auna shi tukuna ba magani, a debe lambar daga wadda aka samu bayan an sa magani. Kumfar iska a kan madubi, ko lanƙwasa zaren sosai, ko hasken rana, duk suna ɓata lissafi.

Duk hukumar da za ta saya, ta sa kuɗin magani da ruwan gwaji na daidaita na'urar a kasafi, ta kuma horar da malaman gona su riƙa ɗebo samfuri rani da damina.

Wassalam.

Malamin kimiyyar sinadarai,
Dawakin Kudu, Jihar Kano